Dafin Kububuwa a Ƙarƙashin Zoɓona

Malam,

Assalamu alaikum. Na saba fara wasiƙa da fatan mutum yana lafiya, yau kuwa ban san abin da zan sa a gurbin wannan ba. Ina fata kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, babu mai kai maka ita. Ko kana raye ma, da ka ɗora ta kan tebur ka ce sai ka dawo daga makaranta. Amma akwai faɗa a bakina kuma naka ne. Tun ina takaba nake juya shi a raina, na rasa wanda zan sauke wa. Don haka ka saurara, yau dai ba ka da laccar da za ka fake da ita.

Gida lafiya lau. Inna mahaifiyarka tana nan a Bulkacuwa, ƙafar ce dai ke damunta, kuma har yanzu in an ambace ka sai ta juya fuska bango. Yayanka Alhaji yana leƙo mu duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya sha ruwa, ya ba da umarnin da ba wanda ya nema, ya tafi. Lemun da ka shuka a bayan ɗaki ya fara 'ya'ya bana, tsami kamar me.

Yanzu ka gaya mini, don girman Allah, me ka ajiye mini a firiza?

Ka tuna lokacin da ka sa mana sola, ka sayo babbar firizar nan ka ce ta sana'ata ce, in huta da bin masu ƙanƙara? Na ji daɗi har na riƙa ba mata labari a gidajen suna. Zoɓona da kunun ayata suka yi suna tun daga unguwarmu har bakin tasha. Ba a jima ba ka shigo da wani farin akwatin roba an naɗe bakinsa da salatif, ka ce kayan aiki ne, wutar makaranta ba ta da tabbas, in ara maka lungu ɗaya can ƙasa. Na tambaye ka mene ne a ciki, ka ce furotin. Ni kuwa furotin da na sani shi ne wanda ake cewa yana cikin wake da ƙwai da nono, a ba yara su yi ƙwari. Na ce to, ashe abinci ne. Shekara da shekaru ina jera robobin zoɓo a kansa.

Ina cikin takaba ɗalibarka Dija ta fara zuwa, Bafulatanar nan ta wajen Gololo da ke digiri na biyu a hannunka. Ta zo ta yi gaisuwa, ta yi kuka, ta tafi. Ta sake dawowa, ta kuma dawowa. Na ce a raina yarinyar nan akwai zumunci. Sai dai na lura duk zaman da za ta yi idonta yana ƙofar ɗakin ajiya. Ran nan dai ta daure, ta sunkuyar da kai, ta tambaye ni da muryar da da ƙyar na ji, wai ko firiza tana aiki. Na ce tana aiki mana, ko zoɓo take so? Ta ce a'a, akwatin Malam ne ya hana ta barci. Na ce wai shin me ke cikin akwatin nan? Ta ɗago ta dube ni, na ga ta firgita, don a zatonta na sani.

Dafin kububuwa, Malam! Da dafin macijin kasa, da ɗan na gamsheƙa. Wanda kuka yi shekaru kuna bin masu kama macizai a Sakwa da Gololo da Bulkacuwa kuna tatsa. Duk tafiye-tafiyen nan da kake cewa za ka ƙauye ganin manoma, ashe bakin maciji kake zuwa buɗewa, ka dawo ka wanke hannu ka zauna ka ci tuwona kamar wanda ya dawo daga ɗaurin aure.

Na ce da ita ai kai ce mini ka yi furotin ne. Ta ce ai ba ƙarya ka yi ba, dafin maciji kusan dukkansa furotin ne. Ba ƙarya ka yi ba! Ka ji irin tarbiyyar da ka ba ɗalibanka. Sai ta shiga yi mini bayani, wai furotin kamar dogon carbi yake, ƙwayoyi a jere, sai ya nannaɗe kansa ya ɗauki wata siffa, siffar nan kuma ita ke yanke irin aikin da zai yi a jiki, ko ya gina ko ya rusa. In zafi ya taɓa shi sai ya warware, kamar ƙwai da aka soya, ba ya komawa yadda yake. Shi ya sa akwatin ba ya son ɗumi ko kaɗan. Na ce ta tsaya haka nan, wannan karatun na haddace shi, don a kaina kake gwada laccarka ta 'yan aji ɗaya kana cin abinci. Abin da ba ka taɓa sakawa cikin laccar ba shi ne inda ka ɓoye misalin.

Ta rantse mini kwalaben a toshe suke, an sa su cikin gwangwani, gwangwanin cikin akwati, kuma dafi sai ya shiga jini ta rauni yake ɓarna. Na yarda da ita. To amma wa zai bi Azare gida-gida yana wannan bayani? Ashe maƙwabciyarmu Hajiya Talatu tana tsaye a bakin labule, ta shigo aron rariya. Ka san ta. Ba ta karɓi rariyar ba ma ta juya.

Kafin mako ya zagayo, matan da ke ɗaukar zoɓona suna kaiwa bakin makaranta da tasha sun dawo mini da kuloli wayam. Wata ta ce mijinta ne ya hana. Wata ta ajiye a zaure ta gudu ko sallama ba ta yi ba. Aka ce shi ya sa zoɓon Hajara ya fi na kowa ja. Aka ce shi ya sa in ka sha sau ɗaya sai ka dawo. Duk wannan na shanye. Wanda ya ƙona mini rai shi ne da aka fara cewa dafin ne ya kashe ka, alhali duk garin nan an san hawan jini ne, kuma ni na san maganin da kake mantawa a aljihu har in wanke riga da shi.

Yaya Alhaji ya zo ya ce a haƙa rami a bayan gari, a zuba wa akwatin kananzir a cinna wuta a binne, magana ta ƙare. Ya ƙara da cewa sa'o'inka sun gina gidaje a Bauci da Kano, kai ka ƙare a bakin ramin maciji. Rabin zuciyata tana tare da shi, ɗaya rabin kuma tana so in ɗauke kofin ruwan da na ajiye masa.

Da na fita takaba na shirya na tafi sashenku da kaina. Ka san wannan ne karo na farko da na taka wurin? Duk shekarun nan sunansa kawai nake ji, Bayokemistiri, Bayokemistiri, har na iya faɗa ba tuntuɓe. Na tarar da allon da ka sa aka kafa a bango, mai ɗauke da manufofin sashe, wanda ka yi ta gogewa kana sakewa a falo har na ce maka ko tsarin mulkin ƙasa kake rubutawa. Na tsaya na karanta. Wai ɗalibi ba zai fita daga nan ba sai ya iya ware furotin da hannunsa, ya auna shi, ya gane siffarsa, ba a allo kawai ba. Wai binciken sashe zai tsaya kan furotin da ya shafi rayuwar mutanen wannan ƙasa: wanda ke cikin wake da gero saboda yara masu tamowa, wanda ke cikin nonon shanunmu, wanda ya karkace a jinin masu sikila, da wanda ke cikin dafin macizan da ke sarar manoma da makiyaya. Magana mai daɗi, wallahi. Na duba daga sama har ƙasa ban ga inda aka rubuta cewa firizar matar shugaban sashe tana cikin kayan aiki ba.

Abokinka Dakta Sabo ne ya gaje ka a kujerar. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo ruwa, da ya fara maganarka sai da ya cire tabarau. Na ce masa ni ba kuka na zo ba, akwati na zo a ɗauke. Ya ce ai da son ransa ne da yau ɗin nan, amma firizar sashe wani abu ya ƙone a cikinta, an rubuta takarda, kwamiti ya zauna, zai kuma sake zama. Sannan ya gaya mini abin da Dija ta ɓoye mini, cewa tun bayan rasuwarka sashen ya rabu biyu. Matasan malamai suna cewa a bar aikin dafi, yanzu ana nazarin siffar furotin a kwamfuta, ba maciji, ba sanyi, ba jiran wuta, sakamako yana fita da wuri, ƙarin girma kuma da shi ake samu. Shi kansa ya ce suna da hujja. Ya ce in ya tura 'yar mutane daji kububuwa ta sare ta, da wane baki zai je gaban iyayenta? Na ce a raina wallahi gaskiyarsa, tambayar da ya kamata wani ya yi tun tuni ke nan. Dija tana tsaye a gefe, sai ta ce kwamfuta abin da aka zuba mata kawai ta sani, kuma har yau ba wanda ya zuba mata macijin Gololo. Suka fara a gabana, shi yana cewa, ita tana cewa, cikin ladabi amma ba mai ja da baya.

Ni fa zoɓo nake sayarwa, Malam. Me ya haɗa ni da wannan gardama? Me ya sa sai da ka tafi na gane ashe gidana reshen jami'a ne? Na fito da abin da na shiga da shi, wai in ƙara haƙuri kaɗan.

Haka na zauna da firiza cike da sanyi, ba zoɓo, ba kunu, sai farin akwatinka shi kaɗai kamar mai gida. Har bazara ta kai ƙarshe. Wata la'asar iskar farkon damina ta taso, ta kwashe farantan sola daga rufi, ɗaya ya faɗa gidan Hajiya Talatu ya fasa mata randa. Turakun wutar gari suka kwanta. Da gari ya waye batura sun mutu, firiza ta yi shiru. Na kira Dija, tana Gololo wajen iyayenta, waya ba ta shiga. Na kira Dakta Sabo, yana Bauci wajen taro, ba ya ɗauka. Yaya Alhaji ya zo duba ɓarna, ya leƙa ɗakin ajiya, ya ce to Alhamdu lillahi, Allah ya yanke hukunci da kansa.

Ka gane inda na tsinci kaina? Ba sai na ƙona komai ba, ba sai na binne komai ba. In zauna kawai in kama harkar gabana, rana ta yi aikinta, zuwa gobe a ce ya lalace, ba laifin kowa. Na zauna ɗin kuwa. Na ɗauko tsintsiya na fara share ganyen da iska ta tara.

Sai matar nan ta faɗo mini a rai. Ranar da muka kai ka asibiti, kana kwance a ɗakin gaggawa, ɓarin jikinka ya saki, harshenka ya yi nauyi, aka shigo da wata mata daga wajen Sakwa, maciji ya sare ta tana cirar gyaɗa. Jini yana fita ta dasashinta, yana fita ta wani tsohon tabo a hannunta, sun goge ya dawo, sun goge ya dawo. Kai da ba ka iya riƙe kofi, ka fara yunƙurin tashi, kana tambayar mijinta da harshen da ba ya juyawa wane irin maciji ne, yaya launinsa, tun yaushe. Na danne kafaɗarka na ce ka ji da kanka. Har yau ban san ko matar nan ta rayu ba. Ba wanda zan tambaya.

Na jefar da tsintsiyar ina zaginka a zuci, Allah ya yafe mini. Na kira 'yarka Asiya na ce ta ɗauko buhu da bargo. Muka bi gari neman ƙanƙara a ranar da kowa ke nemanta. Duk inda muka tsaya an san ni. Wani ya tambaye ni ta mutane nake so ko ta maciji, jama'a suka kwashe da dariya. Mai kifin ƙanƙara da ke da ɗakin sanyi na roƙe shi ya ajiye mini akwatin, ya ce in rufa masa asiri, yana da iyali. Da ƙyar muka samu 'yan dunƙule, muka dawo muka jera a kan akwatin. Sai ga kiran Dakta Sabo. Na miƙa wa Asiya wayar don ni haushi ba zai bar ni in ji ba. Ya ce mata kada a sake buɗe murfin, a lulluɓe firizar da barguna, amma ƙanƙara ba za ta riƙe ba, dole sai an samu wuta.

Wa ke da janareta a layinmu? Ka sani. Hajiya Talatu.

Na sa mayafi na shiga gidan matar da ta kashe mini sana'a, na durƙusa na gaishe ta. Ta fara da randarta, wai tun ta aurenta ce. Na ba ta haƙuri. Ta koma kan yadda aka zauna da ita shekaru ana ba ta zoɓo a kan dafi. Na sake ba ta haƙuri, Malam, ni! Da ta gaji ta ce a ɗauka, amma injin zai zauna a gidanta, a jefo wayar wuta ta kan katanga, kuma kada wanda ya taɓa akwatin ya taɓa mata ƙofa. Aka tayar da inji, firiza ta ɗauki ƙugi. Ba a jima ba sai ga ta a ƙofar ɗakin ajiyarmu, ta toshe hanci da mayafi, tana leƙe, tana tambaya ko macizan suna motsi a ciki. Yanzu in ka ji labarin a bakinta, ita ce ta ceto binciken jami'a, ni kuwa ina gefe ina kuka.

Washegari Dija ta iso, ƙafafunta duk taɓo, ta rungume firizar kafin ta gaishe ni. Ta ɗebi kaɗan ta tafi gwadawa. Bayan 'yan makonni ta aiko wai in zo in gani. Na je. Ta fito da wani abu mai santsi kamar daskararren koko, amma ana hango haske ta cikinsa, da waɗansu shuɗayen layuka a jere. Ta ce kowane layi furotin ɗaya ne daga cikin dafin, kuma ga su nan yadda suke a da, ta gwada ƙarfinsu ma yana nan, ba abin da ya lalace. Ta ce aikinta shi ne ta gano ko maganin sara da ake shigowa da shi daga waje yana kama kowane ɗaya daga cikinsu, don in akwai wanda yake kuɓuce masa, shi ne zai sa a yi wa mutum allura jini ya ƙi tsayawa. Na ce to madalla, ina sabon maganin? Ta yi dariya ta ce wannan kam da saura, wataƙila sai ɗaliban ɗalibanta.

Shuɗayen layuka, Malam. Sana'ata, da sunana, da gwiwata a ƙasa gaban Hajiya Talatu, duk a kan shuɗayen layuka. Na daɗe ina kallonsu. Ban san me ya sa na tambaye ta wanne ne mai hana jini tsayawa ba. Ta nuna mini. Ɗan siriri ne, ko kaurin tsinken tsintsiya bai kai ba.

An gyara firizar sashe daga baya, Dakta Sabo ya zo da kansa ya ɗauki akwatin, ya yi ta godiya har na ji kunya. Na ji an ce matasan malaman nan yanzu suna karɓar abin da Dija ta samu suna zuba wa kwamfutarsu, gardamar dai ba ta mutu ba, amma a tebur ɗaya suke yin ta. Na wanke firiza da ruwan zafi da sabulu har hannuna ya yi fari. Ciniki yana dawowa a hankali. Samarin tasha sun raɗa masa zoɓon kububuwa, da sunan suke aikowa a saya, wai na masu zuciya ne. Na rasa in yi fushi ko in ƙara sukari.

Ga abin da ya tsaya mini a wuya. Ba dafin ba ne, shirun ne. Me ya sa ba ka gaya mini ba? Ka ɗauka ba zan gane ba? Ko ka san zan yi faɗa, ka ga gara ka huta? Da na yi, wallahi da na yi, da unguwa ta ji mu. Da na kwana biyu ban yi maka magana ba. Sannan da na kwashe robobin lungun nan na ce ka sa, amma ka ƙara salatif. Da sai ya zama ni da kai muka ajiye shi, ba kai kaɗai ba. Wannan ka hana ni.

Akwai kuma wanda ni ban gaya maka ba. Duk lokacin da kake mini lacca kana cin tuwo ina cewa ka yi shiru miya za ta huce, ina saurare. In ka fita, nakan maimaita wa kaina ina wanke-wanke. Da mata suka tambaye ni aikin mijina, cewa nake malami ne kawai, don ban san yadda zan faɗi sauran ba tare da an ga ina taƙama ba. Taƙamar nake yi, Malam. A ciki.

Saura labari ɗaya, kuma shi ya sa na ɗauki biro yau. Asiya ta gama sakandare. Ni burina ta yi karatun koyarwa, aikin da mace za ta dawo gida da la'asar hannunta da alli kawai. Shekaranjiya ta same ni ina tace aya, ta ce ta canja shawara, Bayokemistiri za ta nema, kuma a sashenku. Na ce saboda me? Ta ce tun da na ba ta labarin matar Sakwa abin yake cin ta, tana so ta san abin da ya hana jinin nan tsayawa. Na ajiye matacin na yi ta magana, na kawo wuta, na kawo macizai, na kawo kwamitin da ba ya gama zama. Ta bari sai da numfashina ya ƙare, sannan ta tambaye ni ko farar rigarka ta ɗakin gwaji tana nan.

Tana nan, a bayan ƙofa inda ka rataye ta. Ta gwada, hannun ya rufe mata yatsu. Gobe zan kai wa tela ya rage.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya yafe maka, ya yalwata kabarinka, ya sa abin da ka koyar ya bi ka da lada. Sai mun zo.

Matarka da har yanzu ba ta gama hucewa ba,
Hajara